Ranar da Alhusaini Ya Ƙi Zama

Ni ba mutumin yawon buɗe ido ba ne. Idona a buɗe yake tun a Sabon Gida, kuma abin da ya gani a can ya ishe shi. Albasa na sani, da rijiya, da lokacin da ya kamata a daina ban ruwa. Amma sai ga ni a Abijan cikin sabuwar riga shuɗiya wadda ba don ni aka ɗinka ta ba, ina bin Alhusaini daga bene zuwa gada, da labarin mutuwa a bakina na rasa inda zan ajiye shi.

Alhasan da Alhusaini tagwaye ne, kuma tare muka tashi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Da mahaifinsu ya rasu sai suka raba aiki. Alhasan ya riƙe lambun albasa da tsohuwa, Alhusaini ya tafi Abijan nema. Shekaru yana can yana sayar da aceke, wato turararren garin rogo, da soyayyen kifi a bakin kasuwar Ajame, kuma hirarsu a waya ba ta wuce abu ɗaya, wato ranar da Alhasan zai biyo motar albasa ya zo ya ga teku. Alhasan bai taɓa yarda ba cewa akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa, kuma a ce wai saboda gishiri ba ya ban albasa. Ya rantse sai ya ɗanɗana da harshensa. Bana abin ya tabbata, har an sa ranar tafiya. Ana fitar da buhuna daga rumbu, ya zura hannu ƙarƙashin wani buhu, kububuwa ta sare shi. An kai shi asibitin Madawa, jini ya ƙi tsayawa, rai ya yi halinsa. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Liman ya ce a kira Alhusaini a gaya masa, jinkiri ba shi da amfani. Mahaifiyarsu, Inna Shafa'atu, ta ce ba ta yarda ba. Tana salla, tana azumi, amma iyayenta mutanen da ne, kuma abin da suka bar mata game da tagwaye babu malamin da zai cire mata shi daga zuciya. Ta sa aka kira ni ɗakinta.

"Ba a hwaɗa ma tagwai mutuwar ɗan'uwa nai cikin telehon," ta ce. "Wa yas san inda za ta iske shi? Tsakiyar hanya, ko bakin wuta shina suya? Guda ya tahi, kuna so gudan shi bi shi? Jima, kai za ka tahi. Ka bari sai ya ci abinci ya ƙoshi. Ka zamnar da shi bisa ƙasa, ba bisa kujera ba. Kak ka hwaɗi kusa ga ruwa, kak ka hwaɗi wuri mai bisa. Ka riƙe hannu nai, nan ga wuyan hannu, kak ka saki sai ya yi kuka. Sannan ka kawo mini shi."

Ta aika wa duk 'yan garinmu da ke Abijan su kama bakinsu. Ni kuma aka ɗora wa ƙaryar cewa wayar Alhasan ta faɗa rijiya, na kira Alhusaini na gaya masa haka, na ce mota tana hanya. Na hau motar albasar da ya kamata ya hau, na zauna a wurin da direba ya ajiye masa. Duk tsawon hanya ina jera maganar a raina, in gyara, in rushe. A kowane shingen jandarma sai na ji da ma su ce takarduna ba su cika ba su mayar da ni.

Da hantsi muka shiga Ajame. Tun kafin motar ta tsaya na hango shi, fuskar da na gani ana rufewa da likkafani ita ce tsaye can tana murmushi. Na sauko. Bai dube ni ba tukuna, ƙofar motar yake kallo. Direba ya sauko, ya rufe ƙofa. Alhusaini ya ɗaga kai ya dubi saman buhunan, ya daɗe yana dubawa. Na riga na tanadi amsa, zan ce aikin lambu ya riƙe shi. Ban sami damar faɗa ba, don bai tambaya ba. Sai kawai ya fashe da dariya ya rungume ni.

"Jima! Baƙauye ya shigo birni! Allah shi kyauta ma Abijan."

Ya ja ni ɗakinsa, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a bayan kasuwa. Ina shiga na ga tabarma a shimfiɗe a ƙasa, na ce a raina Alhamdu lillahi, a nan zan sauke kayana.

"Mu zamna mu ci wani abu," na ce. "Yunwa nika ji."

"Zama? Ka taho Abijan don ka zamna? Na ruhe tebur yau dukanta sabodda yawo. Tashi."

Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa. Riguna biyu ne a ciki, shuɗɗa, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, irin yadda Inna take yi musu da Salla suna yara. Ya sa ɗaya, ya jefo mini ɗaya.

"Sa wagga. Taka warin albasa takai, za su kore mu daga mota."

"Ai ba tawa ba ta," na ce.

"Sa dai."

Na sa. Hannun ya yi mini tsawo, sai da na naɗe shi. Ban taɓa sa rigar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Unguwar manyan benaye ya fara kai ni, wadda suke kira Filato. Wani mai gadi abokinsa ya bar mu muka shiga akwatin da ke ɗaga mutane sama, cikina ya rage a ƙasa ni na wuce. A can ƙoli ya tsayar da ni bakin taga yana nuna mini gari. Ga gadoji, ga jiragen ruwa, ga cocin da ya ce babu irinsa, ga motoci ƙanana kamar ƙwaro. Ni abin da na gani shi ne ƙasa mai laima haka, kore shar, an bi an shafe ta da siminti, ko kunyar shuka ɗaya ba a bari ba. Na gaya masa, ya yi dariya har da dukan kafaɗata.

"Haka na san za a ce. Tsaya nan, in ɗauki hoto, mu gwada ma Alhasan."

Na tsaya. Ban san abin da fuskata ta yi ba, amma ya ɗauka ya mayar da wayar aljihu. Wurin yana da bisa, ba wurin magana ba ne, kuma Allah ya sani na ji daɗin haka.

Da muka sauko na sake kawo zancen abinci. Ya sayi soyayyar ayaba a takarda, ya ce a nan gari a tafe ake ci, masu zama su ne marasa aikin yi. Ni na cinye tawa don yunwar gaske nake ji. Shi kuwa ya riƙe tasa yana ta surutu har ta huce, ya miƙa wa wata tsohuwa da ke zaune a gefen titi. Daga nan sai gada. Akwai motoci, amma ya ce da ƙafa ake jin daɗinta. Muka bi ta, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a ƙarƙashi, yana gaya mini sunayen unguwanni kamar zan zo in sayi gida.

Azahar ta same mu a wancan ƙetaren, muka shiga wani babban masallaci. Na yi dabara na tsaya kusa da shi a sahu. Ko bai ci ba, na ce, ai ga ƙasa, ga ɗakin Allah, Inna za ta yafe mini sauran. Liman ya yi sallama, na juyo zan kama hannunsa, sai na ga wurin babu kowa. Ko addu'a bai tsaya yi ba. Yana can bakin ƙofa da takalmana a hannu yana yafuto ni.

"Maza, kak bato shi tashi shi bar mu."

Bato wani jirgin ruwa ne da ke ɗaukar mutane kamar motar haya. Kujeru ne jere a ciki, rabinsu babu kowa. Na zauna na ƙanƙame ƙarfe, don ni ruwan da ya wuce gwiwa ba abokina ba ne. Alhusaini ya tsaya a kaina yana riƙe da sanda. Na nuna masa kujerar da ke kusa da ni, ya girgiza kai. A nan ne abin ya faɗo mini, kuma na ji haushin kaina da ban gane tun da safe ba. Wannan fa ɗan Inna Shafa'atu ne. Sharuɗɗan da ta jera mini, da su ta raine su. Tun da na sauko daga mota bai sa loma a baki ba, bai bar ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa ba sai a cikin salla, kuma duk inda ya kai ni, in ba sama ba ne to bakin ruwa ne. Na ɗaga kai na dube shi. Yana kallon waje, bakinsa yana ta zuba game da kifin da ake kamawa a nan, amma ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Tausayi ya kama ni, sannan fushi ya biyo baya. Na kwaso wannan magana tun daga Sabon Gida, ta hana ni ci ta hana ni barci, shi kuma ya sa mini rigar mamaci yana yawo da ni gari kamar ragon da za a kai kasuwa. A can gida tsohuwa tana zaune bakin ƙofa tana jiran ɗan da ya rage mata.

"Alhusaini, na gaji," na ce da muka sauka. "Mu koma ɗaki."

"Saura guda. Ba ka ga babban ba."

Muka shiga ƙaramar mota zuwa wani gari da ake kira Basam. A hanya surutun nasa ya fara raguwa. Da muka isa ya zagaya da ni cikin tsofaffin gidajen Nasara, manya-manya, rufin wasu ya rufta, itatuwa sun tsiro ta tagogi. Ya ce nan ne babban birni a da, cuta ta kore su. Baƙi farare suna ta ɗaukar hoto. Ni ban ga abin ɗauka ba, kango ne, kuma kango muna da shi a gida. A bakin wani shago ya sayi ruwan sha na roba, ya ba ni na sha, ya zubar da sauran, ya riƙe robar.

Tun kafin in ga tekun na ji shi, wani ruri kamar hadari yana tahowa daga gabas. Muka ɓullo ta tsakanin wasu rumfuna, sai ga shi. Na tsaya cak. Ruwa ne har inda sama ta sauko, launin toka, yana tashi ya fi mutum tsawo ya faɗi ya ja baya ya sake tasowa. Ban ga kyansa ba. Abin da ya zo mini shi ne Alhasan a bakin rijiyarsa da rani, yana leƙa ɗan ruwan da ya rage a ƙasa yana tsaki.

Alhusaini ya tuɓe takalma.

"Bari in ɗebo mishi. Ya ce sai ya ɗanɗana."

Roba ce ƙarama, a bakin gaɓa ma za ta cika. Ya shiga har idon sawu, ya duƙa, ya cika ta, ya rufe. Na ce to, an gama. Sai na ga ya miƙe ya ci gaba. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Wani mai rumfa ya ɗaga murya da Faransanci yana kaɗa hannu. Alhusaini bai waiwayo ba. Ba gudu yake ba, tafiya yake a hankali kamar mai zuwa gona, shuɗiyar rigar tana yin baƙi daga ƙasa zuwa sama.

Ban san lokacin da na shiga ba, da takalmana da komai. Rairayi yana zamewa a ƙarƙashina, ruwa ya doke ni a ƙirji na sha wani ta hanci. Na kai hannu na damƙe wuyan hannunsa. Tsoro da fushi suka haɗu suka buɗe mini baki.

"Kai mahaukaci na? Mi kaka so in ce ma Inna? Tsaya ka jiya, tunda abin da kaka so ke nan! Alhasan..."

Ya juyo da sauri ya toshe mini baki da hannun da ke riƙe da robar.

"Ba nan ba," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa, da ƙyar na ji ta cikin rurin. "Jima, don Allah ba nan ba. Nan ruwa na."

Muka tsaya haka, igiyar ruwa tana turo mu tana ja. Ban san wanda ya ja wani ba, amma mun fito.

Ya ɗauki takalmansa a hannu ya nufi tudu, na bi shi ruwa yana ɗiga daga jikina. Muka wuce rumfuna, muka ƙetare titi, muka shiga cikin itatuwan kwakwa. Ya yi ta tafiya, lokaci-lokaci ya tsaya ya kasa kunne, ya ƙara gaba, har sai da rurin ya koma kamar iska a nesa. Wata mata tana sayar da aceke a gindin itace. Ya sayi kwano ɗaya, ya zaɓi kifi da kansa, ya juya shi ya duba.

"Ta ƙona mai," ya ce. "Da tebur nawa na, da ba ni sai da wanga."

Matar ta nuna mana benci. Ya yi mata godiya, ya matsa can gefe inda babu kowa, ya share ganye da ƙafa. Ya tsaya yana kallon wurin, ya daɗe. Sannan ya lanƙwashe ƙafafu ya zauna a ƙasa.

Na zauna gabansa. Ya yi bisimilla ya fara ci. Ban taɓa ganin mutum yana cin abinci da wahala haka ba. Kowace loma sai ya rufe ido ya tura ta. Na ce ya isa, ya ce Inna ta ce sai an ƙoshi, ko ba haka ta ce ba? Na ce haka ta ce. Ya cinye tas, har ƙayar ya tsotse, ya goge hannu da ganye. Ya dasa robar ruwan tekun a tsakaninmu.

"Telehon ɗin Alhasan ba shi hwaɗawa rijiya," ya ce. "Da igiya yaka ɗaure shi ga wuya, ni na aika mishi igiyar. Amma na ce wataƙila. Da ka sabko kai ɗai, wataƙilar ta ƙare." Ya shafa gaban rigarsa da ta jiƙe. "Shekara nawa ina shirya mishi yinin ga. Na ce in dai ba a hwaɗi ba, to shina nan. Sai in ƙara mishi yini guda, shi ga abin da na ce zan gwada mishi. Ka yi haƙuri, na wahal da kai."

Fushin nan duk ya tafi, ya bar ni da kunya.

Ya miƙo mini hannunsa na dama, tafin yana sama.

"Na ci. Na zamna. Riƙe."

Na riƙe. Duk maganar da na jera a hanya ta watse, ko ɗaya ban tuna ba.

"Alhusaini, sai haƙuri. Alhasan ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya maimaita. Ya tambayi abin da ya same shi, na gaya masa. Ya tambayi wanda ya yi masa wanka, da inda aka sa shi, na ce kusa da mahaifinsu. Ya tambaya ko an kashe macijin. Ya tambaya ko albasar da muka kawo tasa ce, na ce rabin motar tasa ce. Yana ta gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wani garin. Idonsa a bushe yake ƙayau, kuma jijiyar hannunsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna da sauri. Tsoro ya sake kama ni, don teku bai yi nisan da mutum zai kasa komawa ba.

Ya ɗauki robar da hannun hagu, ya buɗe murfin da haƙori. Na ɗauka zubarwa zai yi. Sai ya miƙo mini.

"Kai ad da rigar. Ɗanɗana."

Na karɓa na kurɓa. Gishiri ne zalla, da ɗaci, har ya ƙona mini maƙogwaro. Na tofar a gefe, kuma abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba.

"Ashe da gaske na," na ce. "Wanga ba shi ban albasa. Hasarar ruwa!"

Ya dube ni, ya dubi rigar, bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya. Sai ya kife goshinsa a kan hannuna, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ba na fatan in sake ji. Ya yi kuka yana kiran sunan ɗan'uwansa, ni ma na yi nawa, wanda na riƙe tun daga maƙabarta.

Inna ta ce in saki idan ya yi kuka. Ban saki ba. Har mai aceken ta zo ɗaukar kwanonta, ta tsaya ta dube mu, maza biyu jiƙaƙƙu cikin riga iri ɗaya, ta juya ta bar mana kwanon.